Yadda Ake Tafiyar Ƙafa Zuwa Tafkunan Kan Tsaunuka a Farkon Hunturu

A tsaunukan arewacin duniya, irin su Alps na Turai da Rocky na Arewacin Amurka, akwai wasu makonni tsakanin tsakiyar Oktoba da farkon Disamba da kaka ba ta gama tafiya ba, hunturu kuma bai gama zama ba. A ganina, a cikin waɗannan makonnin ne tafkunan da ke can sama suka fi kyau, domin cunkoson masu yawon buɗe ido ya ragu, sararin sama ya yi garau, kawunan duwatsu sun yi fari fat, ruwan kuma bai riga ya daskare gaba ɗaya ba. Sai dai a cikinsu ne kuma hanyar da yara suke bi da takalmin wasa a watan Agusta take rikiɗewa ta zama hanyar da ke neman shiri da natsuwa. A kudancin duniya, kamar Niyu Zilan da Patagoniya, irin wannan lokaci yana faɗowa ne wajen Mayu da Yuni, amma ƙa'idojin ba su canja ba.

Tushen dukan shirin shi ne mutum ya gane cewa inda zai ajiye mota da inda tafkin yake ba a yanayi ɗaya suke ba. Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka wanda ya bar gindin tsauni ana digiri 7, ya nufi tafkin da ya ɗara wurin da mita 1,200, zai tarar da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri tun kafin a yi maganar iska. Ga kuma yadda aka yi tafkunan tun asali. Yawancinsu manyan tulin ƙanƙara ne suka shafe dubban shekaru suna ƙwaƙule dutse, har suka bar rami mai siffar ƙwarya wanda ganuwar dutse ta kewaye ta gefe uku, kuma a arewacin duniya da yawa daga cikin waɗannan ramuka suna fuskantar arewa ne ko arewa maso gabas. A watan Nuwamba, lokacin da rana ba ta hawa sama sosai, akwai tafkin da haskenta ba ya taɓa shi sai na ɗan lokaci da tsaka, akwai kuma wanda ba ya ganinta sam. Dusar ƙanƙarar da ta narke a ƙasa cikin yini guda tana nan kwance a can har bazara. Don haka yanayin tafkin za a shirya wa, komai daɗin ranar da ake gani a ƙasa.

Zaɓen tafki da binciken hanya

Bayanan da ke cikin littattafan jagora da shafukan intanet kusan duk na lokacin zafi ne, kuma hotunan da ke jan hankalin mutum galibi a Yuli ko Agusta aka ɗauke su. Abin da ake bukata shi ne labarin hanyar a wannan makon, daga hukumar gandun dajin da tafkin yake ciki, ko ofishin yawon buɗe ido na yankin, ko waɗanda suka bi ta kwanan nan. Tambaya ta farko ita ce ko titin mota yana buɗe. A gandun Banff na Kanada, titin da ke zuwa tafkin Moraine, mai tsayin kimanin mita 1,880, akan rufe shi ne wajen tsakiyar Oktoba saboda haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara, kuma rufewar tana ƙara wa mai tafiya fiye da kilomita 10 a zuwa, da wasu 10 a dawowa. A tsaunukan Tatra na Sulobakiya, doka ce take rufe hanyoyin da ke can sama daga ranar 1 ga Nuwamba. A Alps yawancin masaukan kan tsauni suna rufewa tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba, motocin igiya masu ɗaukar mutane zuwa kan tsauni da dama suna dakatar da aiki don gyara kafin lokacin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, a wasu hanyoyin ma akan kwance gadojin katako da na ƙarfe a ajiye don kada ƙanƙara ta tafi da su. Wanda ya dogara da taswira kaɗai zai iya isa bakin rafi ya ga wurin gada, babu gada.

Ga wanda bai saba ba, shawarata ita ce ya zaɓi tafkin da yake ƙasa-ƙasa, wanda hanyarsa take bi ta cikin itatuwa ko ta tsakiyar faffaɗan kwari, ya bar na sama sai wata shekara. A Tatra ta ɓangaren Polan akwai misali mai kyau. Tafkin Morskie Oko yana kan mita 1,395, kuma titi mai kwalta ne yake kai mutum bakinsa, alhali tafkin Czarny Staw da ke bisansa, a gindin tsaunin Rysy, bai ɗara shi da mita 200 ba, amma matakalar duwatsun da ake bi zuwa can tana sheƙe da ƙanƙara da wuri. Tazarar kaɗan ce a taswira, amma tafiyar iri biyu ce. A Suwizalan an sauƙaƙa wa baƙo zaɓi, domin hanyoyin da aka tanada don tafiyar hunturu alamarsu ruwan hoda ce, kuma su ne ake gyarawa a wannan lokaci, saɓanin hanyoyin lokacin zafi masu alluna rawaya da fentin fari da ja a jikin duwatsu.

Hasashen yanayi kuwa, a nemi na tsaunin kansa, kada a tsaya ga na garin da ke gindinsa. A duba tsayin da sanyi zai kai digiri sifiri, domin dusar ƙanƙara takan sauko ɗaruruwan mitoci kaɗan ƙasa da wannan layin. A duba ƙarfin iska a sama, a kuma duba lokacin da ake sa ran hadari zai iso, ana ɗauka a rai cewa zai iya riga lokacinsa. Abin da ya faru a Nefal a tsakiyar Oktoban 2014 ya isa darasi. Watan ne da aka fi amincewa da shi wajen tafiya a Himalaya, amma ragowar guguwar Hudhud da ta afka wa gabashin Indiya ta zubar da dusar ƙanƙara mai yawa a yankin Annapurna, mutane fiye da 40 suka rasu, da dama daga cikinsu a kusa da mashigin Thorong La. Idan hasashe ya nuna sauyi yana tafe, a ɗaga tafiyar, tafkin ba inda za shi.

Kafin fita, a bar wa wani amintacce cikakken bayani a rubuce: sunan hanya, inda za a ajiye mota, mutum nawa ne, ƙarfe nawa ake sa ran dawowa, da ƙarfe nawa zai kira masu ceto idan bai ji komai ba. Tafiya mutum ɗaya a wannan lokaci ba na goyon bayanta, domin targaɗen da a lokacin zafi zai sa mutum ya jira wani ya wuce, a Nuwamba zai iya sa shi kwana a hanyar da babu mai bi.

Lissafin lokaci

A shekarar 1892 wani mai hawan tsauni ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo lissafin da har yau ake amfani da shi: awa 1 ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Tafkin da ke da nisan kilomita 7 da hawan mita 900 zai ci kusan awa 3 a zuwa bisa wannan lissafi, amma fa ga mutum mai ƙarfi ne, a busasshiyar hanya, ba tare da hutu ba. Idan ƙafa tana nutsewa zuwa idon sawu, a ƙara rabin lokacin, idan kuwa tana kai wa gwiwa, lokacin zai iya ninkawa ko ya fi haka.

Yinin kuma gajere ne. A Turai akan mayar da agogo baya da awa 1 a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a Amurka da Kanada kuma a Lahadin farko ta Nuwamba, sai mutum ya wayi gari ya ga a Alps rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 na yamma, kuma a cikin kwari mai zurfi inuwa takan rufe tun awa 2 kafin haka. Saboda wannan, a tsayar da lokacin juyowa tun a gida. A ɗauki lokacin faɗuwar rana, a cire tsawon saukowa, a ƙara cire awa 1 na ko-ta-kwana, abin da ya rage shi ne lokacin da za a juyo ko an ga tafki ko ba a gan shi ba. A faɗa wa kowa a cikin ayarin tun a gindin tsauni, domin a can sama, bayan an sha wahala kuma tafkin yana bayan tudu ɗaya kacal, zuciya ba ta ba da shawara mai kyau. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa, kuma ita ce na fi so a kiyaye. Kowa ya riƙe tocilan ta goshi da batirin canji, ko da an yi niyyar dawowa da azahar, kuma kada a ɗauki hasken waya a matsayin tocilan.

Sutura da abin da ke cikin jaka

Babban abokin gabar mai hawa a lokacin sanyi guminsa ne. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma rigar auduga idan ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, sai ta manne wa fata tana zuƙe ɗumi. Don haka rigar da ke taɓa fata ta kasance ta ulu ko ta zaren roba, a ɗora mata mai kauri mai riƙe ɗumi, sannan a rufe da wadda ke tare iska da ruwa. A soma tafiya ana ɗan jin sanyi, domin cikin minti 10 na hawa jiki zai ɗauki zafi, kuma da zarar an ji gumi yana tsattsafowa a tsaya a rage tufa ko a rage sauri. A cikin jaka a ajiye babbar riga mai ɗumi wadda ba a tafiya da ita, wadda aikinta kawai a zura ta a kan komai da zarar an tsaya hutu, tun kafin a ji sanyi. A riƙe safar hannu biyu domin ta farko za ta jiƙe, da hula mai rufe kunne, da safar ƙafa ta canji. Takalmi ya zama wanda ruwa ba ya shiga, mai rufe idon sawu, kuma kada a ɗaure shi tamau har jini ya kasa zagayawa a yatsu. Akwai kuma mayafin ƙwauri da ake ɗaurawa daga takalmi zuwa ƙasan gwiwa, wanda ke hana dusar ƙanƙara shiga ta sama, ƙaramin abu ne amma yana raba mutum da jiƙaƙƙiyar ƙafa yini guda.

Sauran kayan su ne taswirar takarda da kamfas, waya mai taswirar da aka sauke tun a gida, batirin caji, usur, kayan agajin farko, ashana ko leta, da jakar leda ta gaggawa wadda mutum zai shiga ciki idan dole ta sa ya kwana a waje. Sanyi yana kashe batiri da sauri, saboda haka a ajiye waya a aljihun ciki kusa da jiki. Gilashin rana wajibi ne, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, har yakan ƙone ido ya bar mutum kwana ɗaya ko biyu yana hawaye bai iya buɗe shi ba.

Taka ƙanƙara

Farkon hunturu ya fi tsakiyarsa wuyar takawa, kuma dalilin a fili yake. Da rana dusar ƙanƙara tana narkewa, da dare ta daskare, masu wucewa su tattake ta, sai hanya ta zama santsi zalla, musamman a inuwa, da kan gadojin katako, da inda ruwa ke tsiyaya a kan dutse. Maganin wannan shi ne sarƙa mai ƙananan haƙoran ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi da robar da ke riƙe ta, tare da sanduna biyu na dogarawa. A sa ta kafin a shiga santsin, a wuri mai faɗi inda za a iya zama, domin wanda ya jira sai ya kai tsakiyar gangare ya makara. Sai dai a san iyakarta. An yi ta ne don hanya mai sauƙin hawa, kuma inda gangare ya miƙe har zamewa za ta iya kai mutum ga faɗawa rami, wurin na masu dogayen haƙoran ƙarfe da gatarin ƙanƙara ne, waɗanda suka koyi tsayar da kansu idan sun zame. Sayen gatarin ba ya maye gurbin koyon aiki da shi.

Wurin da ya fi yaudara shi ne filin manyan duwatsu da ke kusa da yawancin tafkunan. Dusar farko takan lulluɓe ramukan da ke tsakaninsu ba tare da ta cika su ba, sai sama ta yi sumul, ƙafa kuma ta burma har cinya, ƙwauri ya bugi dutse. A nan a tafi a hankali, ana caka sanda kafin a taka, ana neman kan duwatsun da suka fito fili. Haka ma ƙoramar da dusa ta rufe, sau da yawa kunne ne yake fara gane ta, don haka idan an ji ƙarar ruwa a ƙarƙashi a kauce. Idan dusar ta kai gwiwa a doguwar tazara kuma babu faffaɗan takalmin da ke hana nutsewa, juyowa ya fi.

Alamomin hanya da aka yi wa duwatsu da fenti su ne farkon abin da ke ɓacewa. Sawun wasu kuma ba hujja ba ne, domin mai sawun zai iya kasancewa ya ɓata, ko yana da wata manufa da kayan aikin da mai binsa ba shi da su. A riƙa duba taswira a kowace mararraba, a riƙa waiwayawa ana ganin yadda hanya za ta kasance a dawowa, domin iska tana share sawu cikin ɗan lokaci. Idan hazo ya sauko har ƙasa da sama suka zama fari ɗaya, a daina hawa.

Zaftarewar dusar ƙanƙara

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan haɗari na tsakiyar hunturu ne, ko na masu wasan zamiya kaɗai, kuma wannan kuskure ne. Yawancin zaftarewa tana tasowa ne daga gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma ganuwar da ta kewaye tafkunan kan tsauni sau da yawa a wannan karkatar take. Ba sai mutum yana kan gangaren ba, wucewa ta gindinsa ma ya isa. A farkon lokaci, iska tana kwashe dusa daga doron dutse ta tara ta a cikin kwazazzabai da gefen da iska ba ta bugawa, ta yadda wurin da aka zuba santimita 20 zai iya tara mita guda a lungu ɗaya, daskararren falle a kan tushe marar ƙarfi. Ko ƙaramar zaftarewa a wannan lokaci tana da muni, domin tana jan mutum a kan duwatsun da ba su riga sun rufu ba.

Turai da Arewacin Amurka suna amfani da ma'aunin haɗari mai mataki 5, kuma a Suwizalan cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos ce take fitar da sanarwa. Abin lura shi ne kusan rabin waɗanda suke rasuwa a can a mataki na 3 suke rasuwa, domin a 4 da 5 mutane suna zama a gida, a 3 kuwa suna ganin ai tsaka-tsaki ne. Ga mai tafiyar ƙafa wanda bai yi horo ba, mataki na 3 yana nufin ya tsaya a hanyar da babu gangare mai tsanani a kanta ko a bisanta. Idan ba a fara fitar da sanarwa ba tukuna, rashinta ba ya nufin babu haɗari. A lura da sabuwar zaftarewa a gangaren da ke kusa, da tsagewar da ke gudu daga ƙarƙashin ƙafa, da wata ƙara mai zurfi da dusa take yi idan ta zauna a ƙarƙashin mutum, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya isa dalilin juyowa. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan zubar dusa mai yawa ko iska mai ƙarfi su ne mafi haɗari. Wanda dusa ta binne, idan an tono shi cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa damar ta ragu ƙwarai, shi ya sa masu shiga irin waɗannan wurare suke ɗaukar na'urar gano wanda aka binne, da sandar bincike, da shebur, kuma abokan tafiya ne suke ceto, ba jirgin da zai zo daga nesa ba.

A bakin tafkin

Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, saboda haka idan saman tafki ya yi sanyi fiye da haka sai ya tsaya a sama ya daskare, na ƙasa kuma yana nan ruwa. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce ƙanƙara garai-garai mai kaurin santimita 10 ce take ɗaukar mutum ɗaya, fara mai haɗe da dusa kuma ƙarfinta kusan rabin wannan ne. Amma a farkon hunturu kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda rafi yake shiga, da inda yake fita, da kusa da duwatsu, ƙanƙarar siririya ce, kuma dusar da ta kwanta a kanta tana hana ta yin kauri, tana kuma ɓoye raunin. Shawarata a nan ba ta da sassauci: kada a taka ta, ko don hoto, ko don an ga sawun wani. A kula kuma da cewa dusa tana ɓoye inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara, don haka duk fili mai shimfiɗe sumul wanda babu dutse ko ciyawa da ta leƙo a cikinsa, a ɗauka tafki ne. Mai kare ya riƙe shi da igiya, domin mutane da dama sun faɗa ruwa ne wajen ceton dabbarsu.

Idan ƙaddara ta sa wani ya burma, Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke faruwa da lambobi uku, 1 da 10 da 1. Minti 1 na farko na shawo kan numfashi ne, domin sanyin yana sa mutum haki ba da sonsa ba, kuma a nan ake shaƙar ruwa. Sannan akwai kimanin minti 10 kafin hannuwa su daina aiki, da kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Wanda ya burma ya juya ta inda ya fito, tun da can ƙanƙarar ta ɗauke shi, ya shimfiɗa hannuwa a kanta, ya riƙa bugun ruwa da ƙafafu har jikinsa ya kwanta, ya ja ciki ya fito, sannan ya mirgina ya yi nisa kafin ya miƙe. Na waje kada ya ruga wurinsa, ya miƙa masa sanda ko ya jefa igiya daga inda ƙafarsa take a kan ƙasa.

Hutun bakin tafki ya zama gajere, a wurin da dutse ya tare iska, a zauna a kan jaka ko tabarmar soso. A ci abinci mai maiƙo da zaƙi kaɗan-kaɗan tun daga hanya, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, domin busasshiyar iskar sama tana ƙarar da ruwan jiki ta numfashi. Filas na abin sha mai zafi ya cancanci nauyinsa. Wanda zai ɗebi ruwan tafki ya tafasa shi minti 1, ko minti 3 idan an haura mita 2,000, kuma ya san cewa matatar ruwa mai siraran bututu idan ta daskare takan tsage a ciki ba tare da an gani ba. Gas ɗin butane zalla yana daina tashi wajen digiri sifiri, don haka a nemi gwangwanin da aka haɗa da propane, a kuma ɗumama shi cikin riga kafin a kunna risho. Duk abin da aka zo da shi a koma da shi, har ɓawon 'ya'yan itace, domin a wannan sanyin ba ya ruɓewa da wuri.

Kula da juna da saukowa

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum ya shiga haɗari, kuma shi ne na ƙarshe da zai gane. Abokan tafiya su lura da wanda ya yi shiru, yana tuntuɓe, ya kasa zuge zif, ko maganarsa ta fara harɗewa. A tsaya nan take a tare masa iska, a cire jiƙaƙƙun tufafi a sa busassu, a raba shi da ƙasa, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi idan yana iya haɗiya. Idan rawar ɗari ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, lamarin ya tsananta, a kwantar da shi a hankali a kira agaji. Giya ba ta ɗumama jiki, zafin ciki take fitarwa. Yatsan da ya yi fari ya mutu kada a murza shi, a sa shi a hammata, kuma idan ya daskare sosai kada a narkar da shi matuƙar akwai yiwuwar ya sake daskarewa kafin a isa asibiti. Sama da mita 2,500 kuma, ciwon kai da tashin zuciya da jiri na iya zama ciwon tsayi, wanda maganinsa na gaskiya saukowa ne.

Lambar gaggawa a Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka da Kanada 911, a Suwizalan kuma ana kiran jiragen ceto na Rega a 1414. Inda babu sabis, na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam tana da amfani, alamar neman agaji da aka sani a Alps kuma ita ce busa usur ko haska tocilan sau 6 a minti 1, a dakata minti 1, a maimaita.

A saukowa ne aka fi zamewa, domin ƙafafu sun gaji, hankali ya riga ya koma gida, kuma dusar da ta yi laushi da hantsi ta soma daskarewa da zarar inuwa ta rufe ta. Kada a cire sarƙar takalmi da wuri, a gajarta taku, a ɗora nauyi a kan tafin ƙafa gaba ɗaya, a tsawaita sanduna kaɗan, kuma mai saurin ayarin ya jira na baya a kowace mararraba. Titin mota ma yana cikin lissafi, domin wanda aka hau da safe a bushe zai iya yin santsi da yamma. A Ostiriya doka ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan akwai dusa ko ƙanƙara a titi, a yankunan tsaunukan Faransa kuma ana bukatar su ko sarƙar taya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. A ajiye busassun tufafi da bargo da ƙaramin shebur a mota, kuma da zarar waya ta kama sabis a kira wanda aka bar wa bayanin tafiya kafin lokacin da aka ce masa ya nemi masu ceto ya cika.